Filin Tambaya da Amsa: Ruwa Nawa Ya Kamata Dam Ya Sakar wa Kifi?

Yawancin wasiƙun wannan makon daga bakin Kogin Haɗeja da Komadugu Yobe suka fito, kuma maganarsu ɗaya ce: ruwan da ake saki daga dam da abin da yake yi wa kifi. Masu amsawa ma'aikatan awon ruwa ne da masana harkar su. Mun taƙaita tambayoyin saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Tun ina yaro nake su. A da kogi kan ƙafe da rani, amma da kaka mu kama bargi da yauni har mu yi banda. Yanzu ruwa ba ya yankewa duk shekara, kifi kuwa ya ja baya. Na ji a rediyo ana cewa a ƙayyade ruwan da dam zai riƙa saki domin kifi. To ga ruwan, ina kifin? (Wani dattijon masunci daga yankin Nguru)

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba. Abin da idonka ya gani daidai ne, kuma a nan ne masu lissafin ofis suka fi yin tuntuɓe. Kifin fadama lokacin ruwa yake bi fiye da yawansa. Yana so kogi ya ciko da damina, ya haura gaɓa ya shiga ciyawa, ya daɗe, sannan ya janye a hankali.

Dubi tarwaɗa. Tun bazara take ɗauke da ƙwai, ba ta zubarwa sai ta ji sabon ruwa yana hawa. Da dare take bin ruwan zuwa cikin ciyawar da ya rufe, inda zurfi bai kai gwiwa ba, ta zuba ƙwai ya manne a ganye, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ya ƙyanƙyashe. Bargi kuwa sheƙa yake yi. Yakan tuge ciyawa ya share fili zagayayye mai faɗin kamar mita ɗaya, ya bar katangar ciyawa kewaye da shi, iyaye su tsaya gadi. Sheƙar yauni ma a kan ruwa take shawagi a cikin ciyawa mai duhu. Babu ɗayansu da yake da ɗakin haihuwa a tsakiyar kwarin kogi. In ruwa bai haura ba, ƙwan a ciki yake narkewa, shekarar ta wuce ke nan.

Bushewar rani ma aiki take yi. Fadamar da ta sha rana, shanu suka yi kiwo suka bar kashi, ciyawa ta mutu, ita ce in ruwa ya hau ta take fitar da ƙananan ƙwari da tsutsotsin da 'ya'yan kifi ke ci. Suna bukatar wata biyu zuwa uku a cikin wannan daula kafin ruwa ya janye su koma gurabe.

Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 a kan Kogin Kano, da na Challawa da aka kammala a 1992 kusa da Ƙaraye, su ke riƙe da kimanin kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. Suna tare ruwan damina, su sake shi da rani domin ruwan shan Kano da noman rani na su Kadawa da Kura da Auyo. Sai aka juya wa kogin kalanda: cikowar Agusta ta ragu, ƙafewar bazara ta ɓace. A shekaru masu albarka kafin dam, ambaliya kan rufe kimanin murabba'in kilomita 2,000 tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Bayan dam, ga kuma farin shekarun 1980, akwai shekarun da ba ta wuce 'yan ɗaruruwa ba.

Ruwan da ba ya yankewa, marar zurfi, mai tafiyar hawainiya, shi ciyawar kachala take so. Ta toshe hanyoyi, laka ta taru a gindinta, ruwa ya karkata ya bi hanyar Marma ya malale gonaki ta wajenku, alhali reshen kogi na Burum Gana da tsohuwar hanyar Kogin Haɗeja sun shaƙe. A cikin kachala ba a jefa birgi, iska ba ta wadaci ruwan ba, tsuntsayen jan-baki kuma sun samu makwanci. Abin da ya fi jurewa a irin wannan wuri shi ne tarwaɗa da ƙananan karfasa.

Amma ba za mu ɗora wa dam laifin duka ba. Masunta sun ninka, kalli mai ƙananan ido ya yawaita, kuma dumba, wato shingen kama kifi da ake gitta wa mashigin fadama, tana kwashe uwa da ƙwai a cikinta tun ba ta isa ciyawa ba.

TAMBAYA: Ina karatun albarkatun ruwa, an koya mana cewa a bar wa kogi kashi 10 cikin ɗari na ruwansa. Daga ina aka samo wannan adadi, kuma yaya ake yin lissafin a aikace? (Wata ɗaliba daga Kano)

AMSA: Malama, adadin na Donald Tennant ne, wani masanin kifi a Amurka, wanda ya wallafa shi a 1976 bayan nazarin kogunan jihohin Montana da Wayomin da Nebraska. Ya ɗauki matsakaicin gudun ruwa na shekara, ya ce kashi 10 shi ne na tsira da rai na ɗan lokaci, kashi 30 yana da kyau, kashi 60 ya yi kyau ƙwarai. In matsakaicin kogi mita kubik 30 ne a daƙiƙa, kin samu 3 da 9 da 18. Sauƙinsa ya sa ya bazu duniya.

Matsalar ita ce kogunansa suna gudu duk shekara. Namu wata huɗu suke cika, sauran watanni yashi ne da gurabe. Ki zuba mita kubik 3 a daƙiƙa dare da rana har shekara, kin kashe kusan mita kubik miliyan 95, ba ki jiƙa taki ɗaya na fadama ba, kin kuma yi wa kachala ban ruwa. A ganinmu, duk takardar da ta ba kogin Sahel lamba ɗaya tak a matsayin haƙƙin kifi ba ta gama aikinta ba.

Hanyar da ta fi dacewa da mu ita ce wadda masanan Afirka ta Kudu suka tsara a shekarun 1990, ta gina shekarar kogi gaɓa-gaɓa kamar jera tubali. Za ki fara da tattara awon kullum daga tashoshi irin na Wudil da Haɗeja da Gashuwa, aƙalla na shekara 20, ki ware na kafin dam daban da na bayansa. In kika gauraya su, kin mai da ɓarnar ita ce ma'auni. Daga nan ki je filin da kanki da na'urar safiyo, ki auna faɗi da zurfin kogi daga gaɓa zuwa gaɓa a wurare da dama, ki gano tsayin da ruwa ke kaiwa kafin ya zuba cikin kowace fadama. Wannan tsayin shi ne zuciyar aikin. Ruwan da ya gaza shi da taki ɗaya, a wurin bargi daidai yake da babu.

Sannan ki zauna da Sarkin Ruwa da tsofaffin masunta. Su za su gaya miki wane kifi ke hawa da ruwan farko, wace fadama ce ta yauni, wane gurbi ne ba ya ƙafewa ko a shekarar fari. Na'ura ba ta san wannan ba.

Da waɗannan za ki gina kalanda mai gaɓa huɗu: ruwan farko a Yuli mai tayar da kifi, babbar cikowa a Agusta da Satumba mai haura gaɓa, janyewa a hankali daga Oktoba, sai lokacin rani da za a bar hanyoyin fadama su bushe, a riƙe gurabe masu zurfi kaɗai. Kowace gaɓa a rubuta mata yawan ruwa, ranar farawa, tsawon kwanaki, da tashar da za a auna.

Ga misalin lissafi don ki ga girman abin. Kina so ki rufe hekta 50,000 da ruwa mai zurfin rabin mita: mita kubik miliyan 250 ke nan. Rana da iska suna shan kamar milimita 6 a yini, a kwana 60 ya zama miliyan 180. Jimla miliyan 430, ba a sa wanda ƙasa za ta tsotse ba, ba a kuma cire gudummawar ruwan sama ba. In kika raba shi a kwana 60, kina neman sama da mita kubik 80 a daƙiƙa. Ki kwatanta da 3 ɗin nan ta Tennant.

Abu biyu ke yawan rusa lissafi mai kyau. Ɗaya, a auna ruwa a bakin dam a ɗauka shi zai isa fadama, alhali yashi da injinan ban ruwa da kachala sun ci rabonsu a hanya. Biyu, a manta a duba ko ƙofofin dam ɗin za su iya fitar da wannan adadi. Dam da yawa an gina su ne don ciyar da kanal, ba don sakin ambaliya ba. Shi ya sa dabarar ita ce a saki ruwan a daidai lokacin da rafukan da ke ƙasan dam suka ciko da kansu, a hau kan cikowarsu.

TAMBAYA: Mu manoman rani ne, da wannan ruwa muke ci da iyali. In aka ce a sakar wa kifi, ba namu za a yanke ba? Kuma ruwan da ya malale daji ba asara ba ne? (Wani manomi daga yankin Auyo)

AMSA: Malam, tsoronka yana da tushe, ba za mu ce maka babu takaddama ba. Ruwan da aka saki a Agusta ba ya cikin dam a Fabrairu. A shekarar ƙarancin ruwa dole kowa ya rage, ruwan sha ne kaɗai ke gaba da kowa. Shi ya sa ake rubuta kalanda biyu, ta shekarar wadata da ta shekarar fari, a kuma sanar da manoma tun Oktoba wacce za a bi, kafin su sayi iri da taki.

Batun asara kuwa, a'a. Robin Welcomme na Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya tattara alƙaluman kogunan Afirka, ya nuna fadamar da ambaliya ke rufewa kan ba da kilo 40 zuwa 60 na kifi a hekta a shekara. Hekta 50,000 ɗin da muka yi misali da su, tan 2,500 ke nan, ba taki ba fetur. Ruwan nan dai shi ke noma shinkafar fadama, ya bar danshin wake da kuɓewa bayan ya janye, ya tsirar da ciyawar burgu da Fulani ke kai shanu da rani, ya kuma nutse ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi. A shekarun 1990 Edward Barbier da abokan aikinsa sun kwatanta amfanin fadamar Haɗeja da Nguru da na babban aikin noman rani na Kogin Kano, suka samu cewa in aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, fadama ta fi riba nesa ba kusa ba.

Wani abin da zai kwantar maka da hankali: babban abin da masana kifi ke roƙo da rani shi ne a rage ruwan da ke zurarewa cikin fadama, ba a ƙara ba. Kanal mai yoyo, ƙofar da aka bari a buɗe da dare, rarar ruwan gona da ke komawa kogi, su ke ciyar da kachalar da ke toshe muku kanal ɗin. Abin da aka tsimi a nan shi za a tara wa cikowar Agusta.

TAMBAYA: Ƙungiyarmu ta masunta tana so ta riƙa auna ruwa da kanta, don in mun je gaban hukuma mu je da hujja. Ba mu da na'ura. (Sakataren wata ƙungiya daga Gashuwa)

AMSA: Madalla da wannan niyya, Malam Sakatare. Abin da kuke bukata: igiya mai alamar mita, gora doguwa, agogon waya, da littafi mai bango.

Ku zaɓi wuri miƙaƙƙe, babu kwana babu kachala, ku auna tsawon mita 20 a gaɓa ku kafa turaku biyu. Ku auna faɗin ruwa. Ku auna zurfi da gora a wuri goma daga gaɓa zuwa gaɓa, ku haɗa ku raba goma. Sai ku jefa gorar roba mai ruwa rabi, yadda iska ba za ta tura ta ba, sama kaɗan da turken farko, ku ƙirga daƙiƙun da za ta yi zuwa na biyu. A yi sau biyar, a tsakiya da gefe-gefe, a ɗauki matsakaici.

A ce faɗi mita 20 ne, zurfi rabin mita: 10 ke nan. Gora ta yi daƙiƙa 50 a mita 20, gudunta 0.4 a daƙiƙa. Ruwan sama ya fi na ƙasa sauri, don haka a ninka da 0.8, ya zama 0.32. Goma sau 0.32, kogin yana wucewa da mita kubik 3.2 a daƙiƙa, wato lita 3,200. Injin ban ruwa mai bakin inci uku yakan ja lita 10 zuwa 15 a daƙiƙa, don haka injina 300 a sama da ku sun isa su shanye wannan kogin ƙaf.

Wanda ya fi wannan muhimmanci shi ne sandar awo. Ku sa fenti a ƙafar gada ko ƙarfen da aka kafa da siminti, alama kowane santimita 10, mutum ɗaya ya karanta kullum da hantsi. Ku rubuta ranar da ruwa ya fara shiga kowace fadama da lambar da sanda ta nuna, da ranar da ya fita, da kifin da aka kama a mako. Kada a matsar da sandar. In ta matsa, awon bara da na bana sun daina magana da juna. Da cikowa kuwa kada kowa ya shiga ruwa da ƙafa don awo, karatun sanda ya wadatar.

TAMBAYA: Wata rana aka buɗe dam ɗin da ke sama da mu, washegari muka ga kifi yana yawo ciki sama. Bayan mako aka rufe, ƙananan kifi suka mutu a tabo. Guba aka zuba? (Wata mai sayar da kifi)

AMSA: Hajiya, ruwa ba ya tsami banza, amma ba lalle guba ba ce. Tafkin dam mai zurfi yakan rabu hawa biyu da zafi. Na sama yana shan iska, na ƙasa ganye da laka suna ruɓewa a cikinsa har iskar oksijin ta ƙare. In ƙofar ƙasa aka buɗe, wannan ruwan ne ke fita, wani lokaci da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kifi yana walwala in oksijin ya kai miligiram 5 a lita, in ya faɗi ƙasa da 2 sai ki gan shi a sama yana haki. Ki lura da wanda ya mutu. In giwan ruwa da tsage da kawara ne suka fara, tarwaɗa da gaiwa suna nan lafiya, rashin iska ne, domin su waɗannan biyun suna shaƙar iskar sama. In har tarwaɗa da kwaɗi sun mutu, a kai ruwan gwaji a kwalba mai tsabta a ranar. Magani a wurin dam shi ne a gauraya da ruwan sama, a fara buɗewa kaɗan-kaɗan, a bar ruwan ya faɗo kan duwatsu ya sha iska.

Mutuwa ta biyu rufewar gaggawa ce. 'Ya'yan kifi suna bin ruwa in yana janyewa a hankali, 'yan santimita a yini. In ya faɗi rabin mita a dare ɗaya, sai su maƙale a kududdufai. Dole kalandar sakin ruwa ta faɗi saurin buɗewa da saurin rufewa, ba yawan ruwa kaɗai ba.

TAMBAYA: Mu a nan ƙarshen kogi muke. Wa ke da ikon tilasta a sako ruwa, kuma an taɓa yin haka a wani wuri ya yi aiki? (Wani malamin makaranta daga Diffa, Nijar)

AMSA: Malam, an taɓa, kuma a maƙwabta. A arewacin Kamaru, dam ɗin Maga da shingen da aka yi a gaɓar Kogin Logon a 1979 domin noman shinkafa sun hana ambaliya shiga fadamar Waza, kifi da makiyaya suka watse. A 1994 aka buɗe wani mashigi da shingen ya toshe, ruwa ya sake rufe kimanin murabba'in kilomita 200, kifi da ciyawa suka dawo, aka ƙara buɗe wani a 1997. A Kogin Senegal ma an riƙa sakin ambaliyar gangan daga dam ɗin Manantali na Mali, ko da yake wutar lantarki ta riƙa ja da ita. Afirka ta Kudu kuwa a dokarta ta ruwa ta 1998 ta ware rabon sha da rabon kogi kafin a ba kowa lasisi.

A namu kogin, takardu ba su yi ƙaranci ba. Akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijeriya da Nijar kan kogunan da suka haɗa su, ciki har da Komadugu Yobe. Jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, sun kafa asusun kula da kogin a 2006. Ƙasashen Tafkin Chadi sun amince da kundin ruwansu a 2012. Tafkin Nguru da hanyar Marma suna cikin jerin dausayin duniya na Ramsar tun 2000. Makullin Tiga da Challawa kuwa yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Abin da ya kamata ku nema ta hannun hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu shi ne kalanda rubutacciya mai ranaku da lambobi, wadda za a auna a Gashuwa da Gaidam, ba a bakin dam ba, a kuma riƙa karanta awon a rediyo.

Ku sa ido sosai a kan Kogin Jama'are. Ruwan Haɗeja kaɗan ne ke tsallake kachala ya iso Gashuwa, don haka yawancin abin da ke zuwa muku daga Jama'are yake, wanda har yanzu babu babban dam a kansa. Shekaru da dama ana ta da maganar gina dam ɗin Kafin Zaki a jihar Bauchi ana ajiyewa. In ta sake tasowa, tambayoyin da za ku riƙe tun ana kan zane su ne: ƙofofinsa za su iya fitar da cikowar Agusta da Satumba, mita kubik nawa a daƙiƙa, na kwana nawa, kuma wa zai sa hannu a kan ranar buɗewa. Bayan an zuba kankare, faɗaɗa ƙofa aiki ne mai tsadar gaske.